Kifayen Ridwan da Tsohuwar Randa

Yelwa, Garwa
Watan Janairu

Ɗiyata Nafisatu,

Assalamu alaikum. Ga gaisuwa nan ta fi buhunan albasar Philippe yawa, tunda a motarsa za ta iso miki Duwala. In kin ji takardar tana wari, ki yi haƙuri, maƙwabtanta ne. Ina fata kina lafiya, karatu kuma yana shiga. Mu nan jam, kamar yadda Fulanin unguwa suke cewa. Gwiwata ce take rigimarta, kunnuwa kuwa kin san sun yi ritaya. Don Allah ki daina kiran wayar nan. Sai in ga sunanki yana haske, in yi ta "na'am, na'am" kamar wata zautacciya, ba na jin komai. Bokon da na koya a Yola ina yarinya bai mutu ba, ki rubuto.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne kifayen abokin wasanki Ridwan, Allah ya jiƙansa. Kin tuna da su. A leda ya sayo su daga Duwala, ya riƙe su a cinya har Garwa. Ranar na yi masa faɗa kamar me. Na ce kifin da bai kai ɗan yatsa ba, ba ya soyuwa, ba ya banduwa, alhali ga kifin Lagdo ana kawo mana har ƙofar gida? Ya yi dariya ya ce sunansu farin gajimare, wai asalinsu daga wani dutse ne a ƙasar Sin. Ya ce, "Inna, sai sun hayayyafa a gidan nan, za ki gani." Har fanka ya saya musu, ni uwarsa ina fifita da mafici.

To, hatsarin hanyar Gidar ya ɗauke min shi bai ga ko ɗa ɗaya ba. Bai yi aure ba, bai bar baya ba. Rigunansa na rabar, babur an sayar. Abin da ya bari mai numfashi a duniya su ne waɗannan 'yan kifayen. Da sun fi ashirin, Nafisatu. Yau saura biyar. Jiya da safe na tsamo ɗaya ya juya ciki sama, na kasa karyawa har azahar.

Kada ki ce ban kula da su ba. Kowace Juma'a ina kwashe su a roba, in wanke akwatin gilashin nan tas, in dirje tsakuwar, in cuɗa ciyawar ruwan, in zuba sabon ruwa. Sabulu ne kawai ba na sawa, don ya hana ni. Ruwan dattin ma ba na ɓarnarsa, a tsohuwar randar bayan madafi nake juyewa in ba zogalena. Wallahi gilashin nan ya fi madubina haske.

Ke ce ubanki ya tura karatun kiwon kifi. Ki gaya min yadda zan yi su haihu kafin su ƙare. In na ƙarshen ya mutu, ji zan yi kamar an sake fitar min da gawa daga gidan nan.

Goggonki,
Iyatu

Duwala
Ƙarshen Janairu

Goggo,

Wa alaikumus salam. Na karɓi takardarki, na ji daɗin ganin rubutunki ƙwarai. Ina lafiya, sai zafin Duwala mai danƙo. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Na daina kira, na yi alkawari.

Na yi kuka da na karanta. Ridwan har ya rasu yana tsokanata, wai in na gama karatu zai ɗauke ni aikin shara a gidan kifinsa. Ban manta ba.

Ga abin da na sani, Goggo. Irin wannan kifin ba ya daɗewa a duniya, 'yan shekaru ne, kuma na Ridwan sun tsufa. Mutuwar da suke yi ta tsufa ce. Amma tsohonsu ma yana yin ƙwai, musamman yanzu da ake sanyi, don su kifin ruwan sanyi ne. Ki duba, masu siririn jiki da jan wutsiya sosai su ne maza, masu ɗan tumbi su ne mata. In kin ga namiji yana buɗe fukafukansa yana zagaya mace da sassafe, to an kusa.

Ƙwan ƙanana ne, ba ya ganuwa sai da kyar. A cikin ciyawar suke watsa shi, wani ya faɗa tsakanin tsakuwa. Shi ya sa nake roƙonki ki daina wankin Juma'ar nan. Ina tsammanin sun daɗe suna yin ƙwai, wankin ne yake tafiya da shi. Ki bar ciyawar ta yi duhu, ki bar gansakuka ta kama gilashin baya. Ki riƙa ɗebe ruwa kaɗan daga sama ki mayar da wanda ya kwana a bokiti. Ɗan datti shi ne abincin 'ya'yansu.

Ki gwada haka kafin zafi ya shigo.

Ɗiyarki,
Nafisatu

Yelwa, Garwa
Fabrairu

Nafisatu,

Sallama. Muna lafiya.

Na karanta. Har sau uku na karanta, na kuma ba Martine maƙwabciyata, wadda take aikin asibiti, ta karanta min da bakinta, da ƙarfi a kunnena, ko idona ne ya yi min ƙarya. Bai yi ba. Wato ni ce. Shekara biyu ina durƙuso da wannan gwiwar ina wanke wa ɗana kayansa, ashe zuri'arsu nake kwararwa. Useko, na gode. Da ma abin da ake koya muku ke nan a makarantar, a gaya wa tsohuwa ita ta kashe.

Ni ban taɓa jin inda tsabta ta zama laifi ba. A gidan ubana ko kwanon kare sai an ɗauraye. Juma'ar nan ma na wanke, har na tuge rabin ciyawar da ta cika wuri na watsa a randa. Ba zan bar kayan Ridwan cikin ƙazanta ba.

Ba wani labari, sai akuyar Aimé mai gyaran babur da ta shigo ta cinye min zogale har saiwa. Na yi mata Allah ya isa, shi kuma na gaya masa abin da ya sawwaƙa.

Iyatu

Duwala
Fabrairu

Goggona,

Ina gaishe ki, ina kuma durƙushe. Ko "goggonki" ba ki rubuta a ƙarshen takardar ba, na lura, kuma ya yi min zafi.

Wallahi ba haka nake nufi ba. Na rubuta miki kamar ina amsa jarrabawa, na manta da uwa nake magana. Ki yafe min. In ba don ke ba, da kifayen nan ba su kai arba'in ɗin Ridwan ba. Wa zai tashi da gwiwa mai ciwo ya yi wa kifin da ba a ci hidima shekara biyu? Shi kansa Ridwan wanke akwatin yake yi, ai a wurinsa kika gani. Bai sani ba, ni ma sai bana na sani.

Ba na cewa kin kashe. Cewa nake har yanzu da sauran dama. Ki ba ni wata ɗaya kacal ba wanki. In ba a ga komai ba, ki koma yadda kika saba, ni kuma in zo hutu in yi dirjen da hannuna.

Ɗiyarki ko kin ƙi ko kin so,
Nafisatu

Yelwa, Garwa
Maris

Ɗiyata,

Sallama da gaisuwa. Na huce, kada ki damu. Fushina na kara ne, kin sani, ubanki ma ya sani tun muna yara. Ina fata kina lafiya. Ni gwiwar ta kumbura, da sanda nake zuwa bayi.

Na bi maganarki. Tun wankin fushin nan ban sake taɓa akwatin ba. Gilashin ya yi kore, in baƙi suka zo sai in yafa masa zane don kunya. Kullum da safe ina jan kujera in sa tabarau in zauna. Na ga namijin yana buɗe fukafukai yana yanga kamar ango, amma ɗa dai ko ɗaya ban gani ba.

Ga zafi ya sauko, irin na Garwa da kika sani, wanda ko bango ba ya jinginuwa. Kuran kuma, wato wutar lantarki, sai su ɗauke tun hantsi, fankar Ridwan ta tsaya. In na sa yatsa a ruwan sai in ji shi kamar na wankan jego. Biyu sun tafi a mako guda. Saura uku, suna ta haki a saman ruwa. Nafisatu, na fara sallamawa. Ina ganin Allah bai nufa ba, kuma ba na so ki ɗora wa kanki.

Wata masifar kuma, randar bayan madafi. Tunda akuyar nan ta cinye zogalen ban sake ɗibar ruwan ba, yana nan yadda na juye shi da ciyawar. Shekaranjiya Martine ta leƙa ta kama baki, ta ce, "Maman Ridwan, kiwon sauro kike yi mana?" Na leƙa, ai kuwa tsutsar sauro ce fal. Har da wasu iri da ban saba gani ba, sirara, ba sa wutsil-wutsil ɗin nan, miƙewa suke yi a saman ruwa, in rana ta taɓa su sai su yi ɗan ƙyalli shuɗi. Saurayen zamani ke nan, har da kwalliya. Martine ta ce za ta kawo kananzir a zuba. Da zarar gwiwar ta sassauta zan kawar da ita, kada yaran unguwa su kwanta zazzaɓi a ce ni ce.

Goggonki,
Iyatu

Duwala
Maris

Goggo!

Sallama, ina fata gwiwa da sauƙi, ki gafarce ni ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba. Kada ki taɓa randar nan! Kada a zuba kananzir, kada a kifar da ita, kada kowa ya ɗebi ko moɗa ɗaya!

Tsutsar sauro ba ta miƙewa ta yi iyo, kuma ba ta ƙyalli. 'Ya'yan farin gajimare ne suke da wannan shuɗin layin in suna ƙanana. Ciyawar da kika watsa da ƙwai a jikinta. Randa tana da sanyi, tana cikin inuwa, ba babban kifi da zai cinye su, ga gansakuka. Goggo, 'ya'yan kifayen Ridwan ne!

Na kira Martine, wayarta a kashe. Na kira Baba, yana Mayo-Oulo wajen kaya, ya ce sai bayan sati zai dawo. Da gudu na zo tashar albasa, a kan buhu nake rubuta wannan, Philippe yana ta danna min oda.

In suna nan, ki dafa ƙwan kaza, ki ɗebi gwaiduwa kamar kan ashana, ki murje a ruwa ki ɗiga musu. Kada ki haɗa su da manyan tukuna. Manyan kuma ki samo wata randar ki mayar da su ciki, ki zuba yashi a gindinta ki riƙa jiƙa shi. Ya Allah ka sa takardar nan ta riga kananzir.

Nafisatu

Duwala
Afrilu

Goggona,

Ina gaishe ki da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ni lafiyata ƙalau, sai dai barci da ba ya zuwa.

Shiru ya yi yawa. Kullum ina zuwa tashar albasa, har masu dako sun san ni, suna cewa ga 'yar Garwa mai jiran takarda. Ba Philippe, ba labarinsa. Wayar Martine har yanzu ba ta shiga. Baba ya wuce Mubi daga can.

Na san halinki. In abu ya yi daɗi ba kya iya riƙe shi. Shirun nan ya gaya min abin da ya faru, ina ganin takardata ta iso a makare, kin karanta bayan an riga an zubar. Goggo, don girman Allah kada ki zauna ke kaɗai kina cin kanki. Ba ki sani ba. Kowa ya ga ruwa kwance da tsutsa zubarwa zai yi, kuma don yaran mutane kika yi. Ni ya kamata tun farko in tambaye ki ina ruwan wankin yake zuwa, ga shi kin rubuta min da hannunki, na karanta na wuce.

In na zo hutu zan sayo miki wasu a kasuwar nan. Na san ba za su zama na Ridwan ba. Ki rubuto ko layi ɗaya ne, in san kina cin abinci. Zan ba wani direban wannan.

Ɗiyarki,
Nafisatu

Yelwa, Garwa
Mayu

Ɗiyata Nafisatu, 'yar albarka,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, mai daɗi, ba ta tsohuwa mai ƙorafi ba yau. Lafiyata lau. Gwiwar ma ta ji kunya ta lafa. An yi ruwan farko, gari ya yi sanyi, kowa ya samu barci.

Share hawayenki, ke da ta'aziyyarki! Wa ya ce miki an mutu? Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Motar Philippe ce ta lalace bayan Ngaundere, ya yi zaman jiran ƙarfen gyara har ya rame. Martine kuwa wayarta ce ta faɗa rijiya. Na karanta ta farko ina dariya, na karanta ta biyu ina kuka, don kin ba ni tausayi.

Bari in ba ki labari daga farko. Martine ta kawo kananzir ɗinta a kwalba, kamar yadda ta ce. Har ta buɗe murfi, na ce tsaya. Randar nan ta uwata ce, da ita aka kai ta ɗaki. Kin san ƙasa in ta sha kananzir har abada ba ta daina wari. Na ce ba za a lalata min randar Inna saboda sauro ba, gara in kwashe da hannu ko zan kwana ina yi. Martine ta ce taurin kaina ya fi na akuyar Aimé, ta tafi aikinta.

Na jawo kujera 'yar tsugune na fara kwasa. Moɗar tana ɗaki, ƙyuya ta hana ni tashi, sai na ɗauki farin kwanon shan fura da ke kusa. Na ɗebo na watsar. Na sake ɗebowa na watsar. A na uku ne hannuna ya gaji, na ajiye kwanon a cinya in huta, na sunkuya. Nafisatu, a kan farin kwanon nan sai na ga idanu! Idanu biyu-biyu, baƙaƙe, kamar an ɗiga da tsinken allura. Na ce yau ga ikon Allah, tun yaushe tsutsa take kallon mutum? Sai ɗaya ya juya, layin gefensa ya haska. Layin nan na san shi. Shekara biyu ina kallonsa kowace safiya.

Ihun da na yi har gareji. Aimé ya shigo da ƙarfe a hannu, ya ɗauka maciji ne. Ya tarar da ni rarrafe a cikin caɓi, ina tsince waɗanda na watsar da cokali. Na ceto wasu, wasu ƙasa ta shanye su, wannan kam ya tsaya min a rai. Aimé ya ajiye ƙarfensa ya durƙusa muka tsinta tare, mutumin da na wanke tas saboda zogale.

Manyan ukun ma a ranar na yi tunani, in randa ta riƙe jarirai a wannan zafin, ai za ta riƙe tsofaffi. Na sayo sabuwa na mayar da su. Yashin da kika ce ne ban sani ba, da gwaiduwar. Kafin takardarki ta zo gansakuka kawai suke tsotsa, sun yi siriri. Da na fara ɗiga musu gwaiduwa sai ga su suna kumbura kamar 'ya'yan masu kuɗi. Tsutsar sauron ta gaskiya kuwa, da rariyar shayi nake tace ta in kai wa manyan, suna wawaso. Na yafa wa randunan tsohon gidan sauro, Martine ta duba ta ce ta yarda.

Za ki ce me ya hana ni rubutowa tun tuni. Tsoro ne. Na ce ba zan yi shela ba sai na ga jan wutsiya, kada in tara jama'a a ƙarshe jikokin nawa su yi fiffike su tashi su cije ni. To, makon jiya wutsiya ta yi ja. Na yi ƙoƙarin ƙirgawa, ba sa tsayawa, amma sun fi waɗanda Ridwan ya kawo a leda nesa ba kusa ba. Tsohon namijin nan mai yanga ya mutu bayan kwana kaɗan. Ban yi kuka ba, na ce ka gama aikinka, na binne shi a gindin zogalen da ya fara tofowa. Akuyar kuma yanzu kullum da dusarta a wurina, na janye Allah ya isa, don ba don ta cinye zogalen ba da tuni na kwarara su a gindinsa.

Kada ki sayo min kifin kowa. Ki zo dai ki yi aikin sharar da abokin wasanki ya yi miki alkawari, gidan kifi ya samu.

Juma'ar da ta wuce, lokacin da na saba wanki, sai na jiƙa shinkafa na soya masa cike da ƙwarya biyu. Na aika gida-gida, na kai sauran ƙofar masallaci da kaina. Liman ya tare ni ya ce, "Hajiya Iyatu, sadakar mece ce wannan?" Na ce, "An yi haihuwa a gidan Ridwan." Ya tsaya yana kallona, don shi ya yi wa Ridwan sallar gawa. Aimé yana gefe da masa a hannu, ya matsa ya yi masa bayani. Sai na ga Liman ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗaga hannu. Ban ji da kunne ba, a leɓensa na gani, ya ce Allah ya raya. Na ce amin da ƙarfi, har ni kurma sai da na ji.

Goggonki, kakar kifaye,
Iyatu